Motar haɗi irin Seven a Sakkwato: a shigo da ita ko a ƙera, kuma da wane gyara za a fara?

Wani matashi ma'aikaci daga Sakkwato ya aiko da wannan tambaya a madadin kansa da abokansa: "Assalamu alaikum, Yaya. Mun daɗe muna sha'awar ƙananan motocin nan marasa rufi irin Caterham, waɗanda ake sayarwa a warwatse mutum ya haɗa da hannunsa. Muna son mu haɗa kuɗi mu mallaki guda. Shigo da ita ya fi, ko ƙera ta a nan? Sannan mun ga injin V6 na Camry da araha, muna son mu ɗora mata don ta yi ƙarfi. Da wane gyara ya kamata mu fara?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin zai yiwu, kuma na yi murna da jin cewa kuna da yawa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka a wannan harka. Amma injin V6 ɗin nan ku bar wa mai shi kayansa. Bari in fara da dalilin, saboda duk sauran amsar a kansa ta tsaya.

Uwar waɗannan motoci ita ce Lotus Seven, wadda Colin Chapman ya fitar a Ingila a 1957. A wancan zamani akwai haraji mai nauyi a kan sabuwar mota a Birtaniya, amma sassan mota ba su shiga cikinsa ba, shi ya sa Lotus ke sayar da ita a cikin akwatuna mai saye ya haɗa a gida. A 1973 tsarin harajin ya canza, Lotus ta sayar wa dillalinta Graham Nearn na Caterham izinin ci gaba da ƙera motar. Har gobe Caterham na yin ta, a garin Dartford, kuma tun 2021 kamfanin yana hannun VT Holdings na Japan. Wasu sun bi sahu: Westfield a Ingila, Birkin a Afirka ta Kudu, dukansu daga farkon shekarun 1980. Sai kuma dangin da ake kira Locost, waɗanda suka yaɗu daga shekarun 1990, inda mutum ke yanka ƙarfe ya yi waldar firam ɗinsa da kansa, ya kwaso injin da giya daga tsohuwar mota.

Abin da ya haɗa su duka shi ne rashin nauyi. Caterham Seven 170 kilo 440 ce, injinta na Suzuki ne mai cc 660 da ƙarfin doki 84. Corolla da ke yawo a titin Ahmadu Bello ta haura kilo 1,200, ƙarfinta kuma wajen doki 130. Raba ƙarfi da nauyi ka gani: Corolla na da doki ɗari da 'yan kai a kowane tan, ita kuwa 'yar ƙaramar tana da kusan 190. Lambar da ke jikin sunayen motocin Caterham ma daga wannan lissafi ta fito, ninkin ƙarfin injin ce saboda motar rabin tan ce: Seven 420 tana da doki 210, Seven 620 tana da 310. Ƙarin ƙarfi a miƙaƙƙen titi kawai yake amfani. Ragin nauyi kuwa ana jin sa wajen tashi, wajen taka birki, a cikin kwana, har da jimawar taya da shan mai.

To injin V6 na Camry da giyabos ɗinsa na otomatik sun haura kilo 200 su kaɗai. A kwance yake a gaban Camry, yana jan tayoyin gaba, alhali Seven tana son injin da ke miƙe daga gaba zuwa baya, yana tura tayoyin baya ta farfela. Ko kun yi dabara kun juya shi, faɗinsa ba zai shiga hancin motar ba sai an buɗa firam. In an buɗa firam sai an ƙara masa kauri. Gaba ya yi nauyi, sai an sa sifirin mai tauri da babban birki da babban lagireto, kowanne da nasa kilo. Kafin ku farga kun ƙera mota mai kilo 800 wadda ke tura hanci waje a kowace kwana. Dokin sukuwa kuka ɗora wa lifidi da kayan hawan sallah, sannan kuna son ya ci tsere.

Maganar shigowa. Sabuwar Seven 170 a akwati ta fara ne da fam 22,990 lokacin da ta fito a 2021, kuma ita ce mafi araha. Ku nemi farashinta na yanzu ku buga da canjin yau, ku ƙara kuɗin jirgin ruwa, kuɗin kwastan da na ɗauko ta daga Legas. In aljihunku zai ɗauka, ita ce hanya mafi sauƙi, domin komai an auna an huda, aikinku ɗaurin noti ne da bin littafin haɗi, aikin da ba ya wuce awa ɗari ga mai natsuwa. Tsofaffin da ake tallatawa a Ingila sun fi araha, amma kusan dukansu sitiyarinsu a dama yake. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilu, 1972, kuma dokar zirga-zirga ta ƙasa ta 2012 ta hana rajistar mota mai sitiyari a dama. Juya sitiyarin Seven ba irin juyin da ake yi wa motocin Japan ba ne, domin wurin ƙafar direba, mazaunin fedoji da hanyar sandar sitiyari duk a jikin firam suke. Wanda ya dage sai tsohuwa, ya nemi ta Faransa, Jamus ko Amurka. Kuma kada wani ya ruɗe ku da cewa zai shigo muku da ita ta Illela a ɓoye. Gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu a Janairun 2017, kuma motar da babu irinta a gari ba ta ɓoyuwa. A shigo da ita ta tashar jiragen ruwa, da cikakkun takardun kwastan.

Ni dai a ganina, ga matasa masu albashi, ƙerawa a nan ta fi, in dai kun yarda cewa aikin shekara ne ko biyu, ba na hutun sallah ba. Za ku koyi abin da kuɗi ba ya saya, kuma duk abin da ya lalace kun san inda za ku same shi.

Matsalar farko ita ce motar da za a kwashi kayanta. Turawa sun yi amfani da Ford Escort da Sierra, daga baya Mazda MX-5, waɗanda ba su da yawa a nan. Yawancin motocinmu na jan gaba ne. Masu tura baya da za ku samu a garejojin J. Allen da Buzaye, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna, su ne Peugeot 504 da 505, Marsandi 190 da C-Class, da BMW 3 Series. Na san zuciya za ta karkata ga 504 saboda kowane bakanike ya san ta, amma injinta na baƙin ƙarfe ne mai nauyi, a karkace yake zaune, farfelarta kuma a cikin bututu take wanda ke haɗe da aksil, abin da ke wahalar gajartawa. BMW 318i ta shekarun 1990 ta fi dacewa: silinda huɗu, giyar hannu, injin da giyabos da aksil ɗin baya duk sun san juna. Wanda ke son mafi kyau ya nemi injin Duratec mai lita 2.0 na Ford Focus ko Mondeo, wanda shi ne kuma ke cikin Mazda 3 da Mazda 6. Jikinsa alminiyom ne, shi Caterham ta daɗe tana amfani da shi, kuma giyabos ɗin MX-5 na 2005 zuwa 2015 yana kama shi kai tsaye. Giyabos ɗin kawai za ku yi odarsa. Sai dai kwanon baƙin mai na ƙasan injin dole a canza shi ko a sake ƙera shi da shingaye a ciki, domin a kwana mai ƙarfi man kan gudu gefe ɗaya, famfo ya zuƙi iska, injin ya buga cikin 'yan daƙiƙu.

Yanzu firam, kuma a nan nake son ku tsaya da kyau, domin ranku a kansa yake. Firam ɗin Locost ana yin sa ne da fayif mai kusurwa huɗu, milimita 25, kaurin bangonsa milimita 1.6. Fayif ɗin da ake sayarwa a kasuwa don ƙofa da taga sau da yawa bai kai kaurin da ake faɗa ba. Ku je da ma'aunin kauri a aljihu, ku sa a yanka bakin fayif ɗin, ku kankare tsinin yankan, ku auna a gaban mai shago. Za ku ga wanda aka ce 1.5 ne ya tsaya a 1.1 ko 1.2. Ku duba layin ɗinkinsa ta ciki, in ya buɗe ko ya yi tsatsa ku bar shi. Hannuwan da ke riƙe taya kuwa, da ƙarfen kariya na bayan kai, fayif marar ɗinki ake yi da shi, ko da daga Legas za a kawo.

Masu waldarmu gwanaye ne, na sha ganin aikin da ya ba ni mamaki a hannunsu, amma waldar ilaktirod da suka saba da ita tana huda ƙarfe mai wannan sirantaka, ko kuma ta zauna a sama kamar ta kama alhali ba ta shiga ba. Injin walda na zamani irin MIG ko TIG ake so. Tsofaffin firam na Caterham ma da waldar tagulla kamfanin Arch Motors ya riƙa yin su, saboda kada zafi ya yi wa siririn ƙarfe yawa. Kafin a taɓa firam, a sa mai walda ya haɗa guntaye biyu, a kama a bais a yi ta dukansu da guduma. In ƙarfen ya lanƙwashe waldar na nan, ya ci jarrabawa. In waldar ce ta ɓalle, a sake saiti. A yi teburi shimfiɗaɗɗe wanda aka auna da ma'aunin ruwa, a zana layin tsakiya, a ɗiga walda a kowace mahaɗa tukuna, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu har su zo daidai, sannan a cike, ana yi ana tsallakawa daga hagu zuwa dama don kada zafi ya ja firam ɗin gefe. Kuma kada a cire ko ɗaya daga fayif ɗin da ke gicciye don a sami wurin batir ko salansa. Ƙarfin wannan firam daga siffar kusurwa uku yake zuwa, ba daga kauri ba. Kusoshi a duba kansu a ga an buga 8.8 ko sama, notuna masu roba a ciki, a ɗaure da sifana mai awon ɗauri, duk wanda aka gama a ɗiga masa fenti don a san an wuce shi.

Ko shigo da ita kuka yi ko ƙerawa, gyaran farko a Sakkwato shi ne na zafi. An tsara motar ne don ƙasar da digiri 25 ke zama rana mai zafi, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 42. Hancin Seven ƙarami ne, lagireton da ke ciki ma haka. Ku sa na alminiyom mai kauri, mafi girman da hancin zai ɗauka, sannan ku toshe duk wata kafa da ke tsakanin lagireto da bangon hancin da falle ko soso, domin iska hanya mai sauƙi take bi, in ta sami gefe ba za ta ratsa lagireto ba. Wannan toshiya ta 'yan kuɗi kaɗan takan yi aikin da babbar fanka ba ta yi ba. Iskar da ta shiga kuma tana bukatar mafita, don haka a yi tsagogi a jikin bonet. Fanka ta lantarki mai ƙarfi, da makunninta na kanta da kuma na hannu a gaban direba saboda cunkoson cikin gari. Kulant za a zuba, ba ruwan rijiya ko na burtsatse ba, wanda ke barin farin gishiri a cikin ƙananan hanyoyin lagireto. Murfin lagireto ya zama mai riƙe matsi, domin matsin ne ke hana ruwa tafasa har sai ya kai wajen digiri 120.

Akwai al'adar da ta zama ruwan dare a garejojinmu, ta cire tamostat da zarar mota ta shigo ƙasar nan, a haɗa fanka kai tsaye. Ina roƙonku kada ku yi. Injin da bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutarsa, wadda makanikai ke kira birenbos, tana ɗauka har yanzu safiya ce, sai ta yi ta zuba mai, man ya wanke bangon silinda. A injuna da yawa kuma tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma injin, in babu shi wani kaso na ruwan ba ya zuwa lagireto sam. In kuna son sauƙi, ku sa wanda ke buɗewa da wuri, wajen digiri 82, ku ƙara ɗan lagireton baƙin mai.

Direba ma yana dahuwa. Ƙafafunsa na gefen giyabos, falle ɗaya ne tsakaninsu da injin, don haka a liƙa abin tare zafi a bangon wurin ƙafa, a naɗe bututun hayaƙi. Salansar Seven a waje take, a gefen motar, daidai inda ƙafa ke sauka in za a fita. Masu irin motar a ko'ina sun san tabon da take bari a ƙwauri. A yi mata garkuwa. Kuma ba a shiga wannan mota da babbar riga ko malum-malum, tayar baya na dab da gwiwar hannunka, iska na iya kai mata bakin riga.

Bayan zafi sai ƙura. A hotuna za ku ga bakunan shan iska sun leƙo ta gefen bonet, an rufe su da ɗan soso. Wannan na ƙasar da ake ruwa kusan kullum ne. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu ta fi gari laushi, tana ratsa soson in ya bushe, ta cinye zoben fistin cikin kaka ɗaya. A yi akwatin iska rufaffe da filtar takarda ta motar da ake samun kayanta a kowane shago. Za ku rasa ƙara mai daɗi da doki biyu ko uku, injin kuwa ya daɗe. Haka nan mahaɗan ƙarfe-da-ƙarfe da masu tsere ke sawa a hannuwan taya, yashi na cinye su nan da nan. Bushin na roba ya fi mana.

Sai tazarar ƙasa. Tsakanin kwanon baƙin mai da kwalta a Seven bai fi santimita 10 da ɗan abu ba, kuma kwanon ne ke fara taɓawa. Tudun rage gudu na cikin unguwanni, bakin kwalbati da ramukan damina duk sun isa su fasa shi. Mafita uku ce a haɗe: kwano gajere mai faɗi, farantin kariya a ƙarƙashinsa, da taya mai tsayin gefe a kan rim mai inci 13 ko 14. Kada ku bi sha'awar manyan rim masu siririyar taya. Nauyi ne a wurin da nauyi ya fi cutarwa, kuma rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa su. In za a ɗaga motar da sifirin, a ɗaga kaɗan, sannan a sake duba saitin sitiyari, domin in hannuwan taya da sandar sitiyari suka daina tafiya a layi ɗaya, duk lokacin da taya ta hau tudu motar za ta karkata da kanta. Ku da kuke ƙerawa kuna da sa'a, kuna iya tsara tazarar santimita 14 ko 15 tun daga zane.

Iskar taya kuwa, ku tsaya a kan mai faci da ma'auninku a hannu. Ya saba da bugawa 35 zuwa 40, kuma zai buga muku haka da kyakkyawar niyya. Motar da ba ta kai kilo 600 ba tana son wajen 18. Da iska 40 tsakiyar tayar kawai ke taɓa ƙasa, motar ta riƙa tsalle tana zamewa, ku zaci shokazoba ne ya lalace. Ku karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da ta tsufa ta ƙeƙashe, ko ta ƙanƙara da aka kwaso daga Turai, ba ta da wuri a wannan mota.

Birkin Seven ba shi da abin taimakon ƙafa, ba shi da ABS, wato na'urar da ke hana taya kamewa in an taka birki da ƙarfi. Mutane kan taka su ji tauri su ce birkin ba shi da kyau, sai su nemo manya. Ba girma ake bukata ba, daidaito ake bukata: tayoyin gaba su riga na baya kamewa. In na baya suka riga, motar za ta juya da ku. A gwada a fili, wani ya tsaya gefe yana kallon wace taya ce ta fara ja. Layin birki ya zama biyu, gaba daban baya daban, man birki DOT 4, a canza shi duk shekara biyu saboda yana shan danshi.

Akwai wani aiki da ba ya cin kuɗi amma yana canza motar gaba ɗaya, shi ne awon nauyin kowace taya. Mutum mai kilo 80 a cikin mota mai kilo 600 ya fi kashi goma cikin ɗari na nauyinta, kuma a gefe ɗaya yake zaune. Ku aro sikeli huɗu irin na masu awon buhu, ku jera su a daɓe mai daidai, ku ɗora motar, direba ya zauna a ciki, tanki rabi. Ku haɗa nauyin gaba-hagu da baya-dama, ku haɗa gaba-dama da baya-hagu, ku yi ta juya mazaunin sifirin har jimillar biyun ta zo ɗaya. Motar da aka yi wa haka tana shiga kwanar hagu da ta dama iri ɗaya, birkinta kuma ba ya ja gefe.

Ƙarin ƙarfi shi ne na ƙarshe, bayan kun yi kaka guda kuna tuƙa ta yadda take. Fetur ɗinmu bai kai ingancin mai lamba 95 a ma'aunin oktan da ake sayarwa a Turai ba, ga zafi, don haka turbo ko ƙara matsin silinda ba tare da gwanin saita birenbos ba hanya ce ta ƙona fistin. Doki 120 zuwa 140 a wannan nauyi sun fi ƙarfin gwanintar yawancin direbobi. Kuma kowane gyara a yi shi shi kaɗai, a gwada, a rubuta a littafi. In kun canza abu uku rana ɗaya ba za ku san wanne ya gyara wanne ya ɓata ba.

Dole in gaya muku gaskiya game da haɗari. Tsayin motar bai wuce mita ɗaya da 'yan santimita ba, wato kanku na daidai da saman tayar tirela. Direban tirelar siminti da ta fito daga Kalambaina ba zai gan ku ta madubinsa ba in kuna gefensa, 'yan kabu-kabu ma ba su saba duba ƙasa haka ba. Babu jakar iska, babu ƙofar kirki, tankin mai kuma a bayanku yake. Saboda haka ƙarfen kariya na bayan kai ya zama fayif marar ɗinki mai faɗin milimita 45 da kaurin 2.5, da ƙafafun tallafi zuwa baya, samansa ya wuce hular kwanon mafi tsayinku da aƙalla santimita 5. Bel mai maɗauri huɗu, abin kashe gobara inda hannu zai kai, makunnin yanke batir, fitila a kunne ko da rana. Ba a tafiyar dare da ita, kuma hanyoyin da kowa ya san babu tsaro a kansu ba wurin buɗaɗɗiyar mota mai jan ido ba ne. Lokacinta shi ne safiyar hunturu bayan an fito masallaci, kafin titi ya cika.

Wannan ya kawo ni kan ƙungiyarku, wadda ita ce za ta sa motar ta rayu ko ta ƙare a ƙarƙashin tamfol a bayan gida, kamar yadda ayyukan Locost da yawa suka ƙare ko a Ingila. Abin da ya riƙe waɗannan motoci a can fiye da shekara sittin shi ne ƙungiyoyin masu su. Suna haɗuwa wata-wata a yankunansu, suna aron juna kayan aiki, wanda ya gama haɗa tasa yakan je ya duba ta sabon shiga kafin a kai ta gwaji. Ƙungiyar 750 Motor Club tana shirya gasar Locost, Caterham kuma tun 1995 tana da gasar sababbin direbobi inda motocin duk iri ɗaya ne, an hana ƙara musu ƙarfi, don a ga wanda ya fi iya tuƙi. Wannan tsari nake so ku ɗauka.

Ku rubuta yarjejeniya tun kafin a sayi fayif na farko: nawa kowa ya sa, sunan wa za a yi rajista, wa zai biya in an fasa abu, yaya za a yi in wani yana son fita. Zumunci ya fi daɗewa in an rubuta. Ku jawo ogan gareji guda, mai walda guda da mai rewaya guda su zama 'yan ƙungiya, ku biya su haƙƙinsu, ku saurari shawararsu, ku ma ku nuna musu dalilin abin da kuke so maimakon ba da umarni. Ɗaliban injiniya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi za su yi murnar samun aikin da za su auna su lissafa.

Kuma ku nemi fili. Wasan mota da ake yi a titi ranar ɗaurin aure ya jawo asarar rayuka a garuruwanmu, kuma in motarku ta shiga cikinsa sau ɗaya, sunan da za a ba ƙungiyarku ke nan. Ku nemi izini a rubuce na wani shimfiɗaɗɗen fili mai kwalta da za a iya rufewa, ku sanar da jami'an kiyaye haɗurra, ku jera robobin alama, mota ɗaya a lokaci ɗaya, ana duba agogo, 'yan kallo a bayan igiya nesa da kwana. A irin wannan wasa ba a wuce giya ta biyu, amma a nan ake koyon yadda baya ke zamewa da yadda ake kamo shi. Masu Corolla da Golf ma su shiga, haka ƙungiya ke girma. Yankinmu ba baƙon tsararren wasan mota ba ne, an sha haɗa tseren motoci da bikin kamun kifi na Argungu.

Takardu kuwa a fara su tun yau, ba sai an gama ba. Motar da kuka ƙera ba ta da lambar shasi, kuma ɗora mata lambar motar da kuka kwashi kayanta laifi ne. Ku adana rasit ɗin injin da giyabos, takardun tsohuwar motar, da hotunan kowane mataki. Ku je ofishin VIO da na rajistar motoci na jiha da zanenku a hannu ku tambayi abin da za su bukata. Ku rubuta wa hukumar NADDC mai kula da ƙirar motoci a ƙasa, wadda ɗan Sakkwato Jelani Aliyu, wanda ya zana Chevrolet Volt a General Motors, ya shugabanta daga 2017 zuwa 2023. Har sai lamba da inshora sun fito, a ɗauki motar a bayan wata zuwa filin gwaji, kuma ku sani inshorar titi ba ta ɗaukar abin da ya faru a wurin gasa.

Ranar da za ta fara motsi, mutum ɗaya ne a ciki, da hular kwano, wani na tsaye da abin kashe gobara. A fara da gwada birki a gudun tafiyar ƙafa. A zagaya na minti biyar, a tsaya, a duba ƙarƙashi ko akwai ɗigon mai ko ruwa, a taɓa kowane rim a ji ko wani ya fi sauran zafi, a bi ɗigon fentin nan ɗaya bayan ɗaya a ga ko akwai notin da ya juya. Bayan kilomita ɗari na farko a ɗaga ta a sake ɗaure komai, a haska tocila a kan kowace walda da ke kusa da hannuwan taya da mazaunin injin, a nemi siririn layin tsatsa, domin a nan tsagewa ke fara nunawa.